Laburaren Jami'a a Gindin Dala: Abin da Gidan Mambayya Ya Tanada da Abin da Ya Rage

Wanda ya tsaya a Ƙofar Mazugal da hantsi, hada-hada ce za ta cika masa ido da kunne. 'Yan Adaidaita Sahu na rige-rigen fasinja, mahauta da masu dakon nama na fitowa daga Abbatuwa, 'yan kasuwa sun nufi Ƙofar Wambai da Kwari, almajirai da 'yan boko kowa ya kama gabansa. In ka tare masu wucewa ka tambaye su ina ne laburaren jami'a mafi kusa, da yawa za su nuna maka hanyar Kabuga, su ce da sauran tafiya a gabanka. Alhali kuwa ga shi nan kusa da su. Daga ƙofar zuwa Gwammaja tafiyar 'yan mintoci ce, a Gwammaja kuwa Gidan Mambayya yake, wanda yau wani ɓangare ne na Jami'ar Bayero, da ɗakin karatunsa, da wurin adana kayan tarihinsa, da zauren taronsa.

Mutanen Ƙofar Mazugal da Gwammaja da Madigawa da Yalwa da Adakawa, duk mazaɓun ƙaramar hukumar Dala, sun san gidan sarai. Amma da "gidan Malam" suka san shi, kuma sun yi gaskiya. A nan Malam Aminu Kano ya zauna, a nan talakawa suka yi ta zuwa da kokensu, a nan aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Sunan Mambayya laƙabin mahaifiyarsa ne. Abin da bai shiga kunnen mutane sosai ba shi ne cewa gidan ya koma hannun gwamnatin tarayya, ita kuma ta miƙa shi ga Jami'ar Bayero, wadda a shekarar 2000 ta buɗe cibiyar bincike da horarwa kan dimokuraɗiyya a cikinsa. Farfesa Attahiru Jega ne daraktanta na farko, kafin ya zama shugaban jami'ar a 2005, sannan shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Yau cibiyar tana ɗauke da sunan mai gidan.

Wannan komawa tana da ma'ana ga wanda ya san tarihin jami'ar. A cikin gari aka haife ta. A 1960 aka fara ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Nazarin Larabci da kowa ya sani da SAS, kusa da gidan Sarki. A 1962, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero. Daga nan ta fita bayan ganuwa, ta zauna a mazaunin da yanzu ake kira tsohuwar jami'a, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977, sannan ta ƙara nausawa yamma kan titin Gwarzo inda sabuwar jami'a take. Kowace ƙaura ta ba ta fili, amma kowace ƙaura ta ƙara nisanta ta da lungunan da suka haife ta. Gidan Mambayya ne wurin da jami'ar ta dawo ta zauna katanga da katanga da talaka, tsakanin masu shago da masu sana'ar hannu, inda kiran sallar masallacin unguwa ke shiga ɗakin karatu.

Baje kolin da ba ya bukatar dogon bayani

Abin da baƙo yake fara nema a gidan shi ne ɓangaren da Malam ya zauna. An bar ɗakunansa da kayan da ya yi amfani da su, da hotuna, da littattafai, ga kuma kabarinsa a cikin harabar. Na daɗe ina ganin cewa duk cikin wuraren baje kolin tarihi na Kano, wannan ne ya fi saurin isar da saƙonsa. Gidan Makama yana nuna maka girman sarauta da daɗewar birni, Gidan Ɗan Hausa yana nuna maka zuwan Turawa. A nan kuwa ƙanƙantar abin da aka bari ita ce darasin. Mutumin da ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya riƙe sadarwa ya riƙe lafiya, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, ga abin da ya mallaka, kana gani da idonka. Yaron da ya tashi yana ganin motocin 'yan siyasar zamani, in ya shiga ɗakin nan ya fito, ba sai an yi masa lacca ba.

Sai dai baje koli ƙofa ce kawai. Farar rigar Malam da jar hularsa za su sa yaro ya tambaya wane ne wannan, amma amsar tana cikin takardu. A nan ne aikin laburare yake farawa, kuma a nan ne nake ganin muna tsayawa a rabin hanya. Ana kawo ɗalibai rangadi, su zaga, su yi hoto, su yi addu'a a kabari, su hau mota. Nawa ne daga cikinsu ake zaunar da su a buɗe musu littafi ɗaya da Malam ya rubuta da hannunsa?

Domin Malam marubuci ne kafin ya zama ɗan takara. Malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi, sannan a Kwalejin Horon Malamai ta Maru. Shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948 bayan dawowarsa daga karatu a Landan. Ya rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa don ya faɗi abin da ba a iya faɗa a gaban hukuma. Ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiyarsa, ya kuma rubuta tarihin rayuwar amininsa kuma malaminsa a siyasa, Sa'adu Zungur. Ya yi tafsirin Alƙur'ani da azumi, yana kuma cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya na zamani a Kano. Gidan mutum irin wannan, in an mai da shi ɗakin karatu, ba a sauya masa aiki ba.

Ɗakin karatun cibiyar ya fi karkata ga abin da aka kafa ta dominsa: siyasa, mulki, tarihin jam'iyyu, zaɓe, 'yancin ɗan Adam, da wallafe-wallafen cibiyar kanta, ciki har da mujallarta ta nazarin dimokuraɗiyya da takardun da aka gabatar a tarurrukanta. Masu rubuta kundin digiri kan jam'iyyun Malam, NEPU da PRP, 'yan jarida, da masu bincike daga wasu jami'o'i su ne suka fi sanin darajarsa. Wanda yake son sanin yadda aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, da rawar da su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin suka taka, ko yadda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, nan ne ya kamata ya fara sallama.

Zauren taron gidan sunan Sa'adu Zungur yake ɗauke da shi, kuma an dace da zaɓin. A Bauchi, a farkon shekarun 1940, Sa'adu da Aminu da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin masu zaman muhawara inda ake tattauna mulkin En'e a fili, abin da a lokacin ba ƙaramar kasada ba ce. Zauren Mambayya ya gaji wannan al'ada. Kowace shekara a watan Afrilu ana taron tunawa da Malam, a gayyato masana da 'yan siyasa da tsofaffin 'yan gwagwarmaya, a ɗauki wani batu da ya dami ƙasa a yi ta warwara. A sauran watanni akwai laccoci, da bitar horar da 'yan majalisa da kansiloli da ƙungiyoyin farar hula, da ƙaddamar da littattafai, da zaman tattaunawa kan cin hanci da tsaro da zaɓe. A irin ranakun nan harabar kan cika, motoci su yi layi a bakin titi.

Washegari kuma sai wurin ya koma shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya dame ni. Taro yana tara jama'a na yini ɗaya, ɗakin karatu kuwa na kullum ne, kuma ana gane lafiyarsa ne a ranar Talatar da babu babban baƙo.

Abin da laburaren jami'a yake yi

Mutane da yawa suna ɗaukar laburare a matsayin ɗakin da aka jera littattafai aka ce a yi shiru. Aikinsa ya wuce haka. Babban laburaren Jami'ar Bayero a sabuwar jami'a, da rassansa a tsohuwar jami'a da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suna ajiye kundayen digirin da ɗalibai suka rubuta shekara da shekaru, da tsofaffin jaridu, da takardun gwamnati, da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Suna da sashen kwamfuta inda ɗalibi zai shiga rumbunan mujallun ilimi na duniya waɗanda mutum ɗaya ba zai iya biyan kuɗinsu ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana ba jami'o'in gwamnati kuɗin bunƙasa laburare, Gidauniyar MacArthur ta Amurka ma ta tallafa wa jami'ar tun farkon shekarun 2000.

Amma mafi tsadar abin da ke cikin kowane laburare shi ne ma'aikacinsa. Shi ne yake ba kowane littafi lamba, ya shigar da shi cikin jeri ta sunan marubuci da batun da ya ƙunsa, yadda takarda ɗaya ba za ta ɓace cikin dubbai ba. Shi ne za ka zo masa da tambaya a cukurkuɗe, ka ce kana neman wani abu kan rikicin Kano na 1953, ya ce maka fara da wannan jarida, ka duba wancan kundi, abin da babu a nan yana Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Wayar hannu ba ta yin wannan. Tana ba ka abin da wani ya riga ya ɗora a intanet, mafi yawan tarihin Dala kuwa ba wanda ya ɗora shi. Jami'ar tana da sashe guda da ke horar da irin waɗannan ma'aikata. Ilimin yana nan, mutanen suna nan. Tambayar ita ce ko aikinsu zai tsaya a kan mai katin ɗalibi kaɗai, ko zai kai ga maƙwabci.

Maƙwabtan Mambayya kuwa ba baƙin littafi ba ne. Tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka shigo Kano da littattafansu, unguwar Madabo ta zama matattarar malaman fiƙihu. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki, aka kuma kafa Kasuwar Kurmi, inda har yau ake sayar da littattafai. A ƙarnin da ya wuce, malaman Salgawa irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari, da Shehu Nasiru Kabara a ɓangaren Ƙadiriyya, sun rubuta littattafai masu yawa, sun tara wasu. A lungunan da ke kewaye da dutsen Dala akwai zaurukan da in aka buɗe adakar da ke kusurwa, za a tarar da takardu cikin gafaka waɗanda suka girmi jami'ar kanta: kwafin littattafan fiƙihu da sharhin malami a gefe, wasiƙun fatake, lissafin bashi da ajami, waƙoƙin wa'azi, takardun filaye da na gado.

Labarin Alhaji Umaru Falke ya isa ya sa duk Bakano ya yi tunani. Malami ne kuma ɗan kasuwa, ɗan Tijjaniyya, wanda ya yi fatauci a Afirka ta Yamma yana tara littattafai duk inda ya sauka. Ya rasu a 1962. Takardunsa, fiye da 3,000, yau suna laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern a Amurka. An jera su, an ba su lamba, ana kula da su, har wani ɗan Najeriya, Abdullahi Mohammed, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a 1978. Ba na zargin waɗanda suka adana su, don da ba su adana ba mai yiwuwa da yanzu babu su. Amma jikan almajirin Falke da ke zaune a cikin birni ba zai ga abin da malamin kakansa ya tara ba sai ya nemi biza. Falke ɗaya ne aka sani. Na sauran malamai da 'yan kasuwa, waɗanda ba wanda ya zo ya ɗauka, gara da asu da yoyon damina suna ci a hankali, wasu kuma a watsa su ranar rabon gado, wannan ɗa ya ɗauki rabin littafi, wancan ya ɗauki rabi. Duk shekarar da aka rushe tsohon soro aka yi ginin siminti, akwai adakar da ba a san inda ta shiga ba.

Haka abin yake ga tarihin siyasar da Mambayya ta ƙware a kai. NEPU jam'iyyar teloli ce da 'yan koli da mahauta da malaman zaure, mutanen da ba su bar littattafan tarihin rayuwarsu ba. Magaji Ɗambatta da Tanko Yakasai sun rubuta nasu, Allah ya saka musu. Amma ɗan jam'iyyar da aka ɗaure a gidan yarin En'e saboda ya halarci lacca, ko matar da ta bi sahun Gambo Sawaba tun lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, ikon da ba su samu ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970, tarihinsu yana cikin katin jam'iyya da ya koɗe, da hoto ɗaya a jikin bango, da abin da suka gaya wa 'ya'yansu. Waɗanda suka ga NEPU da idonsu saura ƙalilan. 'Yan PRP ma, waɗanda suka rabu ɓangaren santsi da na taɓo, furfura ta kama su. Akwai kaset-kaset na jawaban Malam da tafsirinsa da waƙoƙin jam'iyya a hannun mutane, zaren yana lalacewa, rikodar da za ta juya su ma ta yi wuyar samu. Akwai tsofaffin kwafin jaridun Albishir da Alfijir ta ajami da kamfanin Triumph ya riƙa bugawa, waɗanda ake ƙunshe ƙosai da irinsu.

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar dabara ba. A Kaduna, gidan Sardauna ya zama Arewa House tun shekarun 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, ya kuma tara takardu da rubuce-rubucen hannu daga ko'ina a Arewa. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Jami'ar Boston ta Amurka, tare da masana daga Jami'ar Bayero, ta ɗauki hoton rubuce-rubucen ajamin Hausa ta ɗora a intanet, ba tare da ta raba masu su da kayansu ba. Wannan hanya ita ta fi dacewa da mutanenmu. Magidanci ba zai yarda ya ba da littafin kakansa ba, kuma yana da hujja, don ya ji labarin waɗanda suka ba da aro ba a dawo musu da shi ba. Amma in aka ce ya kawo, a ɗauki hoton kowane shafi a gabansa, a rubuta sunan gidansu a jikin kwafin, a koya masa yadda zai kare na asalin daga danshi, ya koma da abinsa a ranar, da yawa za su yarda. Abin da aikin yake bukata bai taka kara ya karya ba: na'urar ɗaukar hoton takardu, kwamfuta, wutar sola, ma'aikaci mai karanta ajami da Larabci, da amincewar masu unguwanni da limamai.

Daga irin wannan tarin ne ake samun baje koli mai rai. A ce wata guda an baje takardun fataken goro na Madigawa da Adakawa, waɗanda kakanninsu suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja. Wani watan a baje hotuna da katunan matan NEPU, a gayyato 'yan matan makarantun Dala su zo su gani, a sa wata dattijuwa ta ba su labari da bakinta. A rubuta bayanin kowane abu da Hausa, boko da ajami, kafin Turanci, domin mai shago da almajiri su karanta da kansu. Mutum ya fi zuwa kallon abin da sunan gidansu yake jiki, in ya zo kuma zai dawo da ɗansa.

Akwai kuma bukatar da ta fi wannan sauƙi, wadda duk wanda ya tashi a cikin gari ya sani. Gidajenmu cike suke, ɗaki ɗaya yara biyar, wuta ba tabbas. Yaron da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB a Ƙofar Mazugal ba shi da inda zai zauna awa biyu ba a aike shi ba. Laburaren jiha na Murtala Muhammad yana can Nassarawa, sai da kuɗin mota. Ɗaki ɗaya mai fitila da fanka da tebura, a buɗe daga la'asar zuwa bayan isha'i, da ranakun da aka keɓe wa 'yan mata da matan aure masu karatu, zai sauya rayuwar yara da yawa a wannan yanki. Na san laburaren bincike ba ajin share fage ba ne, kuma takardun tarihi suna bukatar kariya daga yawan hannu. Ana iya raba wurin biyu. Na kuma san kuɗin jami'o'in gwamnati ba ya isarsu. To amma Dala ba ta rasa attajirai ba, Kasuwar Ƙofar Ruwa tana nan kusa, 'yan siyasar da ke ambaton sunan Malam a kan dandamali kuma ba su ƙirguwa. Wanda ya sayi fitilun sola da kujeru hamsin ya sa a gidan Malam ya yi masa hidimar da ta fi ta baki.

Kira na farko ga hukumar jami'a da shugabannin cibiyar ne: a sanar da unguwa, a masallatai da rediyo da makarantun Islamiyya, abin da ke cikin gidan, da lokutan buɗewa, da ƙa'idar shiga, a kuma fara aikin ɗaukar hoton takardu da naɗar muryoyin dattawa tun suna raye. Na biyu ga malaman makarantun Dala: in kun kai yara, kada ku tsaya a kabari da hoto, ku nemi a shigar da su ɗakin karatu. Kai kuma mai karatu, in akwai adaka ko gafaka a gidanku da aka daɗe ba a buɗe ba, ka buɗe ta kafin damina, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka kaɗe ƙurar, ka nemi ma'aikacin laburare ya duba maka abin da ke ciki. Ranar 17 ga Afrilu kuma ka je Gwammaja da 'ya'yanka, maza da mata.